Yadda Za A Zaɓi Ƙaramin Babur Don Hawa A Cikin Gari

Yau za mu yi magana a kan babur, watau yadda mutum zai zaɓi wanda ya dace da shi. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, kuɗin babur ba ƙananan kuɗi ba ne. Wani sai ya sayar da riɗinsa na shekara guda, wani ya sayar da sa, wani ya ci bashi, sa'an nan ya saya. In ya yi zaɓen kirki, babur ya ɗauke masa wahala shekara da shekaru. In kuwa ya yi kuskure, sai ya wayi gari ba riɗi, ba sa, ba abin hawa.

Kun sani a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Tun daga sa'an nan gari ya ke ta buɗewa. Aka yi ofisoshi, aka yi sababbin unguwanni, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya. Yanzu mai gida a Garu, aikinsa a sakateriya, 'ya'yansa a makaranta can wajen Takur, ƙafa ba ta isarsa. Mota kuwa ta fi ƙarfin yawancinmu. Don haka ƙaramin babur ya zama jakin wannan zamani.

Aikin da za a sa shi

Abu na fari, kafin ka tambayi kuɗi, ka tambayi kanka wane aiki babur ɗin zai yi maka. In kai malamin makaranta ne ko ma'aikacin ofis, tafiyarka duk bisa kwalta, to, marar nauyi ya ishe ka, irin wanda mu ke kira roba-roba. Ba shi da wuyar tuƙi, ba a matsa kuloci da hannu, dattijo ma ya iya hawansa. Amma cikinsa kusa da ƙasa ya ke, ba ya son rairayi, ba ya son lodi.

In kuwa kana shiga ƙauye, kana kai buhu kasuwar Shuwarin, ko kana bin hanyoyin Kiyawa da Jahun da Miga da damina, sai ka nemi mai dogon sirdi da ƙaƙƙarfan ƙarfe, irin su Boxer da TVS waɗanda 'yan acaɓa ke hawa. Ba don ado suka zaɓe su ba. Sun zaɓe su don jimiri.

Girman inji

Za ku ga an rubuta lamba a jikin babur, kamar 100, ko 110, ko 125, ko 150. Wannan lamba girman inji ta ke nunawa, ana kiran ma'aunin si-si. Lita 1 si-si 1,000 ce. Ledar ruwan sha da mu ke saye rabin lita ce, watau si-si 500. Ke nan ɗakin da mai ke ƙonewa a injin 100 bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan leda ba. Gwargwadon girman ɗakin, gwargwadon ƙarfin babur, gwargwadon kuma man da zai sha.

Don hawa cikin gari, daga 100 zuwa 125 ya wadatar. Kada ku raina ƙaramin inji. A 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani ƙaramin babur mai suna Super Cub, injinsa si-si 50 kaɗai. Zuwa 2017 an ƙera irinsa miliyan 100. Duniya ba ta yi masa wannan rububi don gudu ba, sai don sauƙin mai da rashin lalacewa.

Har wa yau inji iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ne mai hayaƙi da ƙara. Akwai mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune a wurinsa dabam, sai dai a juye a sake. Mai bugu huɗu ya fi tattalin mai, yawancin sababbin babura kuma irinsa ne. Shi mu ke ba ku shawara ku nema.

Shan mai

Kuɗin babur sau ɗaya a ke biya, amma kuɗin mai kullum ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 nan da nan, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Saboda haka mu yi lissafi tare.

A ce babura biyu ne. Na ɗaya yana yin kilomita 50 da lita 1, na biyu kilomita 30. A ce kana tafiyar kilomita 20 kullum, kwana 300 a shekara. Ya zama kilomita 6,000. Na ɗaya zai sha lita 120, na biyu lita 200. Bambanci lita 80 ke nan. In lita naira 1,000 ce, na biyu ya cinye maka naira 80,000 a shekara fiye da ɗan'uwansa. Kun ga wanda a ke cewa ya fi araha, wata sa'a shi ya fi tsada. Kada ka tambayi mai sayarwa shan man babur, gama ba mai kushe hajarsa. Tambayi wanda ya shekara yana hawan irinsa.

Kayan gyara

Yawancin injinan babur ba a ƙasarmu a ke ƙera su ba. Boxer da TVS na kamfanonin Indiya ne, Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, Honda na Japan. Kayan gyaransu ma yawanci daga waje a ke kawowa. Shi ya sa da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin babur da na kayansa suka tashi tare.

To, kafin ka saya, je wurin bakanike biyu ko uku a garinku. Ka tambaye su wane babur suka fi sanin cikinsa, wane ne kuma a ke samun sarƙarsa da fulogi da takalmin birki a nan kusa. Babur baƙo, wanda in ƙaramin abu ya karye sai an aika Kano, zai kwana a zaure mako guda kana tafiya a ƙasa. Wanda ya yi yawa a gari kuma, ran da ka so sayarwa ba ka rasa mai saye.

Sabo ko na hannu

In kana da hali, sabo ya fi kwanciyar rai. In na hannu za ka saya, kada ka tafi kai kaɗai, tafi da bakaniken da ka amince da shi. Ku je da sassafe tun inji na sanyi, gama inji mai ciwo da safe ya ke tona kansa. Lafiyayye yana tashi da kik ɗaya ko biyu. Ku duba salansa. In mai bugu huɗu yana fid da hayaƙi shuɗi-shuɗi, to, yana ƙona baƙin mai, cikinsa ya cinye. Ku duba ƙarƙashin inji ko yana yoyo. Ku duba ƙarfen jiki ko an yi masa walda, alamar ya taɓa karyewa. Ku hau, ku saki hannu kaɗan, ku gani ko yana ja gefe guda. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Takardu

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a ƙarfensa, ɗaya a jikin inji, ɗaya a wuya. Lalle ne waɗannan lambobi su yi daidai da na cikin rasit, harafi bi harafi. Karanta da idonka. In ka ga an kankare lamba, ko mai sayarwa ya ce rasit ya ɓace, ko kuɗin ya yi araha fiye da kima, juya ka tafi. Wanda aka kama da babur na sata a hannunsa, zai rasa babur, ya rasa kuɗi, ya kuma tsaya gaban alƙali.

In an yi ciniki, a rubuta. A sa sunan mai saye da mai sayarwa, da lambobin nan biyu, da kuɗi, da rana, shaidu su sa hannu, in da hali gaban mai unguwa. In biya kaɗan-kaɗan za ka yi, ka haɗa jimlar abin da za ka biya har ƙarshe, ka gwada da kuɗin hannu. Ka kuma tambaya abin da zai faru in ka kasa biya wata guda. Bayan haka sai a yi wa babur rajista a sami lamba, a yi inshora, mai hawa kuma ya sami lasin. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin, don haka kada a miƙa wa yaro mabuɗi.

Hular kwano

Cikin kuɗin da ka tanada, ware na hular kwano tun da fari. Daga ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗari ta ƙasa ta tilasta sa ta ga mai tuƙi da wanda aka goya. Amma ba don tsoron ma'aikata mu ke faɗa ba. Ƙafa in ta karye ana ɗori, kai in ya fashe ba mai ɗorinsa. A sayi wadda ta zauna daidai, a ɗaure igiyarta a haɓa.

Bayan an saya

Sabon inji kamar sabon san noma ya ke, ba a sa shi aiki mai tsanani ran farko. A yi kamar kilomita 1,000 ana lallaɓa shi, ba gudu, ba lodi, a juye baƙin mai da wuri yadda littafin babur ya nuna. Da hunturu ƙura ta yi yawa, a riƙa tsabtace matatar iska, a shafa wa sarƙa mai, a duba iskar taya da birki kowace safiya.

To, jama'a, ga abin da mu ke so ku riƙe. Ku san aikin da babur zai yi. Ku zaɓi ƙaramin inji mai tattalin mai, wanda bakanikenku ya sani. Ku karanta lamba kafin ku ƙirga kuɗi. Ku sayi hula tare da babur. Mutanen da sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.