Bashin Da Ba Ya Cikin Littafi

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron zumunci na ƙungiya a Azuba)





Ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce an sa sunana cikin masu magana, sai na tambaye shi ko dai ɓatan kai ya yi. Ni ba malami ba ne. Iyakar karatuna allo da Islamiyya, daga nan mahaifina ya miƙa mini mudu. Ya ce ai ba wa'azi ake nema ba, kowa ya faɗi abin da ya sani. To ni abin da na sani shi ne bashi, don haka a kansa zan yi magana. Waɗanda nake bi kada gabansu ya faɗi, yau ba naku ba ne.

Babu ɗan kasuwar da ke nan da ba shi da littafin bashi. Nawa har bangonsa ya cire, na ɗaure shi da roba. Wane buhu biyu na riɗi, wance mudu goma na agushi, ranar kaza ga watan kaza. Ko cikin barci aka tashe ni zan kawo muku su. Rannan da dare ina duba shi da tocila, sai na lura da wani abu. Duk sunayen da ke ciki na waɗanda nake bi ne. Shekara talatin da ɗoriya ina rubutu, ban taɓa buɗe shafi ɗaya na waɗanda suke bi na ba. Ba bashin kuɗi nake nufi ba, wannan kam ina biya, alhamdu lillahi. Ina nufin bashin alheri, wanda mai shi ba ya aiko yaro ya tuna maka.

Na zo ƙasar nan a 1994, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, a bayan motar da ta zo ɗaukar doya. Da na je yi wa mahaifiyata sallama ta ce ina za ka, na ce Lafiya. Ta ce ai na ga lafiya, ina za ka nake tambaya. Da aka yi 'yan watanni na aika mata cewa na zauna a wani gari kusa da Lafiya ana ce masa Azuba, sai ta ce wannan yaro ya tafi Lafiya ya sauka a Asuba, ai sai addu'a. Yaran yanzu ba su san cewa a lokacin Lafiya ƙaramar hukuma ce kawai a cikin Jihar Filato ba, babbar takarda duk sai an hau Jos. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Nasarawa, Lafiyar Barebari ta zama babban birni muna ji muna gani. Mun tarar da mutane a nan, Eggon da Alago da Gwandara da Koro da Tibi da Barebari da Fulani, kowa da gonarsa da harshensa, mu kuma muka shigo da mudu da buhu.

Wanda ya sauke ni wani dattijo ne mutumin ƙasar Kano, fatoman 'yan doya. Bai san ubana ba, direba ne kawai ya ce masa ga yaro. Ya ba ni tabarma a zaure, kuma shekara biyu cur kwanon tuwona na fitowa daga gidansa tare da na 'ya'yansa, ba a taɓa rage mini miya ba. Shi ya koya mini cewa ƙwaryar doya ɗari ce, kuma kada in yarda da ta saman tsibi sai na ɗaga ta ƙasa. Shi ya koya mini in zura hannu har gwiwa cikin buhun riɗi, don yashi ba ya zama a baki. Ranar da zan karɓi kaya bashi karo na farko, manomin ya dube ni ya ce bai san ni ba. Baba ya ce, "In ya gudu, ni ka kama." Jarina ke nan, jama'a. Duk abin da kuka ga ina juyawa yau daga wannan magana ya fito.

To da Allah ya buɗa, na yi aure, na kama gidana, na shiga kai riɗi kasuwar Dawanau a Kano. Ƙafata ta fara nisa da zauren nan. Ba faɗa muka yi ba, ba komai, hidima ce kawai. In na wuce a babur sai in ɗaga hannu in ce a raina gobe zan shigo in zauna. Wata Sallah na sayo masa turmin shadda a Kantin Kwari, na ce ba zan aika yaro ba, da kaina zan kai in yi masa godiya irin wadda ta dace. Sallah ta wuce, wata ta zo ta wuce. A watan Janairu na 2019, watan da aka yi rashin Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai, ina Dawanau ana sauke mini kaya aka bugo waya cewa Baba ya cika. Kafin in iso an kai shi. Shaddar nan tana cikin akwatina har yanzu, ko takardarta ban ɓare ba. Na kasa ɗinkawa, na kasa bayarwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Malaminmu na Islamiyya ya koya mana cewa godiya hawa uku ce: ta zuciya, ta harshe, da ta aiki. Ni a kan ta farko na tsaya, ina ganin ai Baba ya san abin da ke raina. Ina zai sani? Shi abin da ya gani shi ne yaro ya yi kuɗi yana ɗaga hannu daga kan babur.

Akwai kuma maƙwabcina, mutumin Eggon ne, Kirista. Kowa a nan yana tune da watan Mayu na 2013, lokacin da aka kashe jami'an tsaro masu yawa a Alakyo, da irin zaman ɗar-ɗar da ya biyo baya a ƙasar nan. Ni dai tsoro ya kama ni, na kwashi iyali na kai su gida. Sito cike da kaya na bari, na ba shi makulli. Da na dawo ya miƙo mini makullin, ko mudu ɗaya bai yi ciwon kai ba, har ya sa yaransa sun toshe inda rufin ke yoyo. Shi kam na gode masa, amma a tsaye, irin godiyar da ake yi wa wanda ya ba ka aron ashana.

Shekarar 2023 ma ta koya mana karatu. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, a watan Fabrairu kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Kana da dubbai a asusu, ba ka da na koko. Ka tura ta waya ya ƙi tafiya, ka je wajen masu POS su yanki rabonsu in ma an samu. A kwanakin nan, tsohuwar nan mai koko da ƙosai ta bakin hanya, wadda shekara da shekaru nake miƙa mata kuɗi ban ko dubi fuskarta ba, ita ta riƙa cika wa yarana kwano kullum safiya tana cewa, "Ku ce da babanku in gari ya waye ya kawo." Ba ta da littafi, ba ta iya rubutu ba. Ni mai littafi, a makon nan na hana mutum biyu bashi. Wannan ko a gaban liman zan faɗa.

Yanzu bari in zo kan mai wuyar, iyayenmu mata ku yi haƙuri, maza kuma kada a harare ni.

Mu Hausawa muna da kunya, kuma kunya abu ne mai kyau. Amma akwai wadda ba kunya ba ce, rowar baki ce muka sa mata rigar kunya. Mutum ya gode wa ɗan dako, ya gode wa yaron mota, ya gode wa dillalin da ya ci la'adarsa, amma matar da ta yi shekara ashirin da biyar tana hura masa wuta, sai dai in gishiri ya yi yawa ta ji muryarsa. Ni ma haka nake, ba na fid da kaina. Shekarun baya uwargidana ta kwanta ciwo, sati uku muna asibiti. Cikin sati ukun nan na gano cewa ni baƙo ne a gidana. Ban san inda ake ajiye daddawa ba. Ban san ranar da ake biyan kuɗin Islamiyyar yara ba. Ban san cewa autanmu ba ya barci sai an shafa masa baya ba. Ruwan wanka mai ɗumi da nake tararwa bayan ɗaki lokacin hunturu, ashe ba daga sama yake saukowa ba, wata ce take tashi tun kafin kiran salla ta ɗora. Na bar ƙauyenmu don neman kuɗi, da niyyata. Ita kuwa ta bar uwa da uba da ƙawayenta ta biyo ni garin da ba ta san kowa ba, ba a ko tambaye ta ba.

Da aka sallame ta muka dawo gida, na yi ta juya maganar a baki kwana biyu, kamar mai neman rance. Daren na uku ta kawo mini abinci, na ce, "Zauna. Na gode. Allah Ya saka miki da alheri bisa duk abin da kike yi a gidan nan." Ta yi shiru tana kallona, can ta ce, "Malam, lafiya? Ko likita ya faɗa maka wani abu ne da ban sani ba?" Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma ku duba fa, godiya ta zama baƙuwa a bakina har ta kai in na yi ta sai a ɗauka mutuwa ce ta matso.

Tun daga nan na fara koyon lissafin abubuwan da nake samu kyauta, kuma wallahi sun fi ƙarfin littafi. Bencin mai shayi bayan sallar Asuba, inda ake raba gardamar duniya kafin rana ta fito, kowa ya tashi ba a shirya ba gobe kuma a dawo. Ƙamshin ƙasa a ruwan farko, wanda a nan muke sha tun watan Afrilu alhali a gida ana ta kallon gabas. Sabuwar doya in ta shigo, a kirɓa sakwara a zuba miyar agushi, abincin da ranar farko na ce ba zai wuce mini ba, yau kuwa in na je Malumfashi kwana uku sai in fara kewarsa. Lokacin mangwaro, da yara ke dawowa riga duk ta ɓaci. Furar Fulani da nono mai sanyi da azahar. Muryar 'yan makarantar allo da magariba. Ka kwanta ka tashi ba inda ke yi maka ciwo. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya kai kuɗin buhun riɗi, amma wanda ya taɓa kwana a bencin asibiti ya san farashinsu.

Ban ce babu wahala ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama daga nan zuwa Kano, kuma akwai gidajen da a cikinmu ba a ɗora tukunya sau uku. Wanda ke cikin wannan hali ba za ka je ka ce masa ya gode kawai ba, sai ka tafi da mudu a hannu, ita ce godiyar aikin da malam ya faɗa. Abin da nake cewa shi ne, ƙorafinmu yana da baki, kullum ana jin sa a bencin mai shayi, godiyarmu ce bebiya.

Samari, ku ga wannan kaset ɗin da ke hannuna. Kafin wayar hannu ta shigo Najeriya a 2001, haka muke gaisawa da gida. A ɗauki magana a rikoda, a ba direban motar doya, bayan sati biyu ko uku amsa ta dawo. Muryar mahaifiyata ce a ciki, tana ce mini in riƙe salla, in ci abinci, kada in ci haƙƙin kowa a awo, akuya na kuka a bayanta. Ta rasu, kuma yanzu ko rikodar da zan sa shi sai na yi cigiya. Ku da kuke da uwa a raye da waya a aljihu, kuna sa kati ku kira abokin ciniki sau goma a wuni. Na gama wannan, ban ƙara ba.

Shugaba, na ga kana duba agogo. Saura abu ɗaya. Matar Baba tana nan da rai a gidan nan na bayan masallaci, idonta ya yi rauni amma tana gane murya. Na san ba ni kaɗai na ci tuwonta ba, ina ganin mutum huɗu ko biyar a cikin taron nan da suka kwana a zauren, ba zan kira suna ba. In an tashi, bayan La'asar, ni zan tafi can. Shaddar tana cikin jakata, babban ɗansa zan ba. Wanda zai raka ni ya same ni a bakin ƙofa, kuma kada ya zo hannu rabbana.