Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kan Shirin Gina Tashar Rarraba Wutar Lantarki

Wutar lantarkin da ke tasowa daga madatsar Kainji, wadda aka gama gininta a 1968, ba ta shiga gidan kowa yadda ta fito. Ƙarfinta a kan manyan wayoyi bolt 330,000 ne, kwan fitilar zaure kuwa wajen bolt 230 yake bukata. Saboda haka sai an bi da ita tasha tasha ana rage mata ƙarfi. Manyan tashoshi, irin ta Mando a Kaduna da ta Kumbotso a Kano, su ke mayar da ita 132,000. Ƙanana su sauko da ita 33,000 da 11,000, sa'an nan taransifomar unguwa ta ƙarasa.

To, abin da ya fi wuya wajen shirin tasha shi ne zaɓen wuri. Injiniya yana neman tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, kusa da hanyar mota, gama babbar taransifoma nauyi gare ta ainun, ba kowace gada ke ɗaukarta ba. Yana kuma auna ƙasar, domin ana binne ragar tagulla ƙarƙashin tashar, wadda za ta kai tsawa da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Fako da dutse ba su karɓar wuta sosai.

Amma sau da yawa da rani injiniya kan zo. Ya ga fili shimfiɗaɗɗe busasshe, ya yaba. Dagaci ne ya san cewa cikin Agusta wurin nan fadama ce, ko burtali ne, ko kuwa tsohuwar maƙabarta ce wadda ciyawa ta rufe. Lalle hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni su faɗi wannan tun ba a kafa turaku ba. In an riga an zuba kankare, magana ta zama rigima.

Sai batun diyya, nan kuwa alƙalamin malami ne abin dogara. Bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun Gwamna, diyyar da akan biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Watau abin da ba a rubuta ba, ba a biya. A ƙidaya ɗorawa da kuka da mangwaro ɗaya ɗaya, a sa rijiya, mai gona yana tsaye. A bambanta mai gona da wanda ke nomanta aro ko jingina. Gonar gado da ba a raba ba, a rubuta magada duka, har mata, kada babban wa ya karɓe shi kaɗai.

Har wa yau wayoyin da ke shiga tashar suna da hurumi: faɗin mita 50 ga mai bolt 330,000, mita 30 ga mai 132,000. Ba a gini a ciki, ba a dasa dogon itace, ko rumfar kasuwa ba a kafawa. Irin wannan wuta takan tsallako ta kama mutum ko bai taɓa waya ba, balle mai ɗauke da doguwar gora ɗanya. Mai unguwar da ya ga an fara aza tubali a hurumin, ya kai wa hakimi labari ran nan.