AMSOSHIN WASIƘUNKU: Mun Sayi Karen Jamus, Bai Zama Yadda Muka Zata Ba

Yau wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, domin duk kuka ɗaya suke yi, kuma a kan dabba ɗaya, watau karen nan mai tsayayyun kunnuwa da baƙin baya, wanda muka fi sani da karen 'yan sanda ko Alseshan. Masu shi na asali kuwa karen kiwon tumaki na Jamus suke ce masa. Duka ukun sun roƙi a sakaya sunayensu, to mun sakaya.

Wani Alhaji ne daga Kaduna ya ce ɓarayi sun haura masa gida har sau biyu, sai ya sayi ɗan kwikwiyo da kuɗin da ya isa ragon layya mai kyau. Yanzu watansa 14, amma da baƙo ya turo ƙofa sai ya shige ƙarƙashin mota. Wani Malam daga Jos ya ce nasa ya kusa shekara biyu, kunne ɗaya ya ƙi tashi, ƙafafun baya kuma suna rawa, in zai yi gudu sai ya haɗa su yana tsalle kamar zomo. Ta ukun wata Hajiya ce daga Kano. Ta ce maigida ne ya kawo karen, kullum yana ɗaure da sarƙa a bayan gida, ran nan ya tsinke ya cafki ɗan maƙwabta a cinya, yanzu gida ya rabu biyu, wasu sun ce a kashe shi, wasu sun ce a sayar.

To Hajiya, taki ce ta fi gaggawa. Ba ki faɗa mana ko an kai yaron asibiti ba, ba ki kuma ce ko an taɓa yi wa karen allurar haukan kare ba. Idan ba a kai shi ba, a kai shi yau, ko da ciwon ya kame. Duk wanda kare ya ciza, abin farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti. Kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, magani ba ya kamawa. Shi kuma karen, kada a kashe shi ko a sayar yanzu. A killace shi kwana 10, likitan dabbobi ya sa masa ido, domin halin da ya shiga a kwanakin nan shi zai nuna wa likitocin yaron inda aka dosa. Za mu komo kanki.

Kafin mu amsa wa Alhaji, bari mu ɗan koma baya, don a san abin da aka saya. Wannan kare ba tsohon iri ba ne. A shekarar 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz ya ga wani kare a wajen nunin karnuka a garin Karlsruhe, ya saye shi, ya sake masa suna Horand von Grafrath. A cikin watan Afrilu na shekarar ya kafa ƙungiyar masu wannan irin kare, kuma Horand shi ne lamba ɗaya a littafin asalinsu. Abin da hafsan nan yake nema shi ne karen aiki, wanda zai wuni yana kewaya garken tumaki yana sauraron makiyayi, ba ya gajiya, ba ya firgita. Da kiwo ya fara ja baya a Jamus sai ya tallata shi ga 'yan sanda da soja. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila ba sa son jin sunan Jamus, sai suka laƙaba masa sunan yankin Alsas da ke kan iyakar Faransa da Jamus, ba su yarda aka koma ga sunan asali ba sai 1977. Daga nan muka gaji Alseshan ɗin. Wanda duk ya ce maka Alseshan dabam, karen Jamus dabam, har ya ƙara maka kuɗi a kan haka, to aljihunka yake so.

Sannan ga sinima. A 1918 wani sojan Amurka ya tsinci ɗan kwikwiyo a wani ɗakin karnuka da bam ya rusa a Faransa, ya tafi da shi gida, ya zama Rin Tin Tin, tauraron finafinan shekarun 1920. Tun daga lokacin mutane suka ɗauka cewa haka ake haifar karen nan da wayonsa.

To Alhaji, ga inda gizo yake saƙa. Karen da ka gani a hannun ɗan sanda yana zama in an ce zauna, yana kamu in an ce kama, zaɓo shi aka yi daga cikin da yawa, aka mayar da sauran, sannan ya yi watanni a makaranta tare da mutum ɗaya da ke kwana yana tashi da shi. Mu da muka riƙe alli mun sani, yaro komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, in ba a sa shi aji ba, ba zai karanta ko baƙi ɗaya ba. Kai ɗalibi ka saya, ka zaci malami ne.

Akwai kuma wani lokaci da ba ya dawowa. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14 na rayuwar kwikwiyo, a nan ne yake koyon abin da za a ji tsoro da wanda ba za a ji ba. Shi ya sa ba a raba shi da uwarsa kafin mako 8, kuma da ya zo gida ake so ya saba da ƙarar babur, da mai babbar riga, da yara, da awaki. Mu kuwa me muke yi? Sai a kulle shi a keji a ce kada ya ga mutane don ya yi zafi. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci, wasu su sa yara su riƙa tsokanarsa da sanda. Wannan ba ya haifar da jarumi. Abu biyu yake haifarwa, ko matsoraci irin na Alhaji, ko matsoraci mai cizo irin na Hajiya, kuma duk tushensu ɗaya.

Sai dai kada ka yanke ƙauna. Wata 14 yaro ne, wannan iri hankalinsa ba ya gama zama sai ya kai shekara biyu zuwa uku. Ka daina dukansa in ya ɓuya, duka tsoro yake ƙarawa. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa, ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, ya fita da shi da igiya da asuba da bayan la'asar. Masana a Ingila suna cewa yana bukatar motsa jiki na wajen awa biyu a rana. Ni a ganina ma, abin da mai gida yake bukata shi ne kare mai haushi ya tashe shi, ya tashi maƙwabta. Ɓarawo hayaniya yake gudu. Wannan aikin kuwa karen gida na ƙauye, wanda bai san keji ba, ya daɗe yana yin sa a kan ɗan ƙanzo. Amma idan tsoron a jini yake, watau uwar ma haka take, to horo zai rage, ba zai kawar ba. Ka ga uwar kafin ka biya? In a bakin titi ka saya daga cikin kwali, to cinikin biri a sama ka yi.

Malam na Jos, batun kunne ƙarami ne. Kunnen yakan tashi tsakanin wata 4 zuwa 6, yakan ɗan faɗi lokacin famfarar haƙori ya sake tashi. Wanda bai tashi ba har shekara biyu, ya zauna ke nan. Ko an gauraya jinin, ko kuwa gado ne, domin a cikin tsantsar irin ma akan samu. Ba ya hana shi ji. Masu ɗura wa kwikwiyo ƙwayoyin ƙarin ƙashi don kunne ya miƙe su bari, yawansu gaɓoɓi yake lalatawa.

Ƙafafun su ne abin dubawa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon kwatangwalo da wannan iri ya yi suna da shi, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin gurbinsa, yana ta goga har gaɓar ta cinye. Gado ne, amma ƙiba da saurin girma suna tsananta shi. Kuma akwai hannun mutane a ciki. Bayan rasuwar von Stephanitz a 1936, musamman daga baya-bayan nan, masu kiwo sun rabu. Wasu suka riƙe karen aiki mai miƙaƙƙen baya, wasu suka koma kiwon na nuni, mai gangararren baya da ƙafafu a lanƙwashe, don shi alƙalan gasa ke ba lambar yabo. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan illar irin wannan kiwo, har ya daina watsa babbar gasar karnuka ta Crufts. A 2016 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce a Ingila da wata karya mai irin wannan baya ta ci gasar ajinta tana tafiya da ƙyar. Wani bincike da kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta fitar a 2017 ya nuna cewa tsaka-tsakin rayuwarsu shekara 10 ne da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi da kasa tashi tsaye su ne kan gaba wajen ajalinsu. A Jamus ƙungiyarsu ba ta yarda a haɗa kare barbara sai an ɗauki hoton ƙugunsa bayan ya cika wata 12. A nan wa ya tambaya?

Saboda haka ka kai shi a ɗauki hoton, kada ka yi ta ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasunsu kisa suke. Kana kusa da Vom, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Namiji nauyinsa kilo 30 zuwa 40 ne, kada ka bari ya wuce. Don Allah kuma kada ka ba da shi barbara, kada ka sayar wa wani baƙin cikin da aka sayar maka.

Ku duka uku, ku kula da kaska. Akwai wani zazzaɓi da kaskar kare ke ɗauka, wanda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, kuma karen Jamus ya fi sauran karnuka jin jiki da shi. Ya kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. In ka ga kare ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, ko yana haɓo, to a gaggauta, maganin na wajen mako huɗu ne. Ga zafi kuma. Gashinsa riɓi biyu ne, na ƙasar sanyi, kuma kare ba ya gumi irin namu, da haki yake huce jikinsa. Kejin kwano a rana a watan Afrilu tanda ce. A ba shi inuwa da ruwa, a taje gashin, kada a aske. Sauran miya mai albasa da dafaffen ƙashin kaza kuma ba abincinsa ba ne.

To Hajiya, mun komo. Maƙwabcinku yana da hakki a kanku, ku ɗauki kuɗin maganin yaron ba tare da an kai ga mai unguwa ba. In kwana 10 sun cika karen lafiya lau, a yi masa allura, sannan ku zauna da maigida ku amsa tambaya ɗaya: akwai babban mutum a gidan da zai kwance shi kullum, ya fita da shi, ya bi da shi wajen mai horo? In akwai, a gina masa wuri mai katanga da ƙofa mai sakata, a jefar da sarƙar, kuma kada a sake barinsa da yaro ba babba a wurin. In babu, kada ku kai shi kasuwa ku yi shiru. Ku nemi wanda ya san aikin karnuka ta hannun likitan dabbobi, ku faɗa masa a fili cewa ya taɓa cizo, da wanda ya ciza, da yadda abin ya faru. Idan kuwa likita ya duba ya ce ba mai gyaruwa ba ne, shi ke da allurar da zai kwantar da shi ba tare da azaba ba, kada a ba yaran unguwa su yi ta jifa.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.