Hoton Ƙarya da Hukuncin Ƙazafi: Jawabi ga Jama'ar Agege

Jama'a, kakannin Hausawan Agege sun zauna a wannan gari ne da fataucin goro da shanu, sana'ar da jarinta amana ne da kyakkyawan suna. Yau kuwa ga wata fitina da ke iya rushe sunan gida cikin dare ɗaya. Da ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, mugu yana iya ɗaukar hoton bikin 'yar mutane, ya haɗa fuskarta da jikin tsiraici, ya watsa a WhatsApp. Abin ya kai har ƙasashen Indunusiya da Malesiya sun toshe manhajar Grok na ɗan lokaci a Janairun 2026 saboda irin wannan ɓarna.

Shari'a ba ta karɓar hoto a madadin shaidun zina. Aya ta 4 a Suratun Nur ta wajabta shaidu huɗu. Wanda ya jefi kamammiya bai kawo su ba, bulala tamanin ne hukuncinsa, kuma shaidarsa ta faɗi. A wannan sura aka wanke Nana A'isha daga ƙagen da ya yawata a Madina.

Wani zai ce shi bai furta kalma ba, hoto kawai ya tura. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. A mazhabar Imam Malik, wadda Hausawa ke bi, ko habaici aka yi da zina ana tsai da haddi, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. To, ina habaicin da ya kai hoto bayyana? Tabbatar da haddi aikin alƙali ne, in sharuɗɗansa ba su cika ba kuwa, akwai ta'aziri. Mai turawa gaba ma bai kuɓuta ba, domin aya ta 19 ta yi gargaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu.

Gaskiya ne Jihar Ikko ba ta zartar da haddi, saɓanin Zamfara da ta soma a 2000. Amma Dokar Laifuffukan Intanet ta Tarayya ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun, ga mai aika saƙon batsa.

Iyaye da mazaje kada su yanke wa 'ya ko mata hukunci a kan hoto. A adana lambar da ta aiko da saƙon, a sanar da limami ko fadar Sarkin Hausawa, sa'an nan a kai ƙara wurin 'yan sanda.