Jawabin Shugaban Kwamiti a Wajen Ƙaddamar da Shirin Ciyar da Mabuƙata

 

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Liman, Allah gafarta Malam. Iyayenmu mata, shugabannin 'yan kasuwa da matasanmu, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yankaba da yamma a lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya faɗo, ya ga abin da ya tara mu yau. Kwando ne kan kwando, rana ta dake shi, mai kaya ya rasa mai saye, washegari sai bola. Haka lemo da ayaba suke yi a 'Yan Lemo. A shekarar 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba, mun ga shinkafar biki a cikin kwata, alhali a bayan katangar akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba tun jiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, irin waɗannan gidaje suka yawaita, kuma akasarinsu gidajen mutunci ne, masu su ba za su taɓa fitowa da kwano ba.

Ranka ya daɗe, ba baƙon abu muka zo da shi ba. Mun taso ana aiken mu da kwanon tuwo gidan maƙwabta bayan magariba, ba a kuma kiransa sadaka. Gari ne ya faɗaɗa, katanga ta yi tsawo, aka daina sanin wanda ya kwana da yunwa. Wannan kwanon muke so mu dawo da shi, sai dai yanzu a adaidaita sahu zai riƙa tafiya. Mai gidan burodi, mai gidan abinci da uwar biki su kira mu, matasanmu su zo da kuloli su ɗauka. Kayan gwari kuwa, wanda za a iya dafawa a ranar a dafa, sauran iyayenmu mata su yanka su shanya don damina.

Akwai alkawarin da nake so jama'a su riƙe mu da shi. Rarar abinci muke nema, wadda ba a sa wa hannu ba. Abin da ya yi tsami ko ya kwana a buɗe ba za mu karɓa ba, kada wani ya ce mana da babu gara ba daɗi. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka miƙo mana. Ba kuma za a jera bayin Allah a layi ana ɗaukar su hoto ba. Masu unguwanni sun san gidajen zawarawa da marayu da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Za a kai musu har zaure, a yi sallama, a miƙa, a juyo.

Faransa sai da ta kafa doka a 2016 kafin manyan kantuna su daina zubar da abincin da ba a sayar ba. Mu wa'azin da Malam yake yi mana kan haƙƙin maƙwabci ya ishe mu doka.

'Yan kasuwa, gobe bayan la'asar yaranmu za su iso rumfunanku, ku tarbe su. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka buɗe tukunyar farko, Malam ya rufe mana da addu'a.