Tanadin Ranar Rasuwa: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya

Maganar yau mai nauyi ce, wata ma za ta ce mugun fata ne. A'a. Tanadi ba ya kiran mutuwa, rashinsa kuma ba ya korar ta.

Mu fara da lissafi. Binne Musulmi ba ya cin kuɗi sosai: likkafani, sabulu da turare, ɗan abin da za a ba masu haƙa kabari, sai mota idan maƙabarta da nisa. Makara ma yawanci ta masallaci ce. 'Yan'uwanmu Kirista suna da ƙarin akwati da kuɗin ajiye gawa a asibiti, shi kuwa kowace kwana ƙaruwa yake.

To ina kuɗin ke tafiya? Zaman makoki. Hayar rumfa da kujeru, shinkafa, ruwan leda, ga sadakar uku, ga bakwai, ga arba'in. A nan ne ake sayar da akuya, a cinye jarin ƙosai, don gudun kada a ce an gaza. Alhali abin da addini ya koyar shi ne maƙwabta su dafa su kai gidan rasuwa, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka yi wa iyalan Ja'afar. Addu'a ba ta buƙatar rumfa.

Bayan baƙi sun watse, mace ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. Sana'a ta ja baya, yara kuma ba su daina cin abinci ba. Wannan lokacin ne ya kamata tanadinmu ya duba.

Ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, mu ƙarfafa asusun taimako. Misali mu 25 ne, kowa ta sa N100 a mako, N2,500 ke nan, a shekara N130,000. Wannan kuɗi kyauta ake ba da shi, ba bashi ba ne, kada a haɗa shi da jakar rance.

Na biyu, mu rubuta doka tun yanzu: nawa za a ba wadda ta rasa miji, ɗa ko mahaifi? A raba kashi biyu, ɗaya ranar rasuwa, ɗaya lokacin takaba.

Na uku, kowace ta faɗa wa sakatariya sunan wanda za a damƙa wa ajiyarta idan ta riga mu. Amana ce zai kai wa magada, ba tasa ba ce. Mu kuma yanke: bashin marigayiya a cire daga ajiyarta ne, ko a yafe?

Na huɗu, ki zauna da maigida cikin lalama, ku rubuta wa ke bin ku, wa kuke bi, da inda takardar fili ko gona take. Daga dukiyar mamaci, kuɗin jana'iza ake fara cirewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Rabon mata ɗaya bisa takwas ne idan mijin ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan bai bari ba. Ki san haƙƙinki.

Kafin mu buɗe akwati yau, shugaba, a ba kowa dama ta faɗi adadin da za ta iya, mu tsayar da magana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.