Kumburin Idon Sawu: Ƙafa Ɗaya ko Biyu?

Jawabin kwamitin lafiya a taron shekara-shekara na ƙungiya, Kaduna

 

Da aka nemi kwamitinmu ya gabatar da jawabi a bana, wasu sun so mu yi magana a kan hawan jini, wasu kuma ciwon ƙoda. Sai muka zaɓi idon sawu, kuma mun san akwai waɗanda suka yi murmushi da jin haka. Amma Hausawa sun ce jiki magayi, kuma sau da yawa idon sawu ne ke fara kawo labarin abin da ke faruwa a zuciya ko ƙoda ko hanta, tun kafin mai jikin ya ji wani ciwo. Dalili kuwa shi ne ruwa gangare yake bi. Idan jiki ya tara ruwan da ya fi ƙarfinsa, a ƙasa zai taru, wato a ƙafa.

Saboda haka duk wanda ya wayi gari ya ga takalmi ya matse shi, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce: ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ko duka biyun?

Idan ɗaya ce, galibi matsalar a ƙafar take. Mafi yawa targaɗe ne, irin wanda samarinmu ke samu a wajen ƙwallo a Dandalin Murtala, ko wanda uwa ke samu in ta zame a bakin kwata da damina. A kwana biyun farko a hutar da ƙafar, a ɗora ta a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗe ta da bandeji ba tare da matsewa ba, a kuma ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, domin su biyun ƙara kumburi suke yi a wannan lokaci. Wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa wannan tsari a 1978, amma a 2014 ya fito ya ce yawan ƙanƙara da doguwar kwanciya na iya jinkirta warkewa. Don haka da zarar zafi ya lafa, a fara motsa ƙafar ana takawa a hankali.

To yaushe ake neman hoton ƙashi? Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da ƙa'ida mai sauƙi a 1992: idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuwa an danna bayan ƙashin idon sawun ya ji zafi mai tsanani, to a je a ɗauki hoto. Ga Babban Asibitin Kawo, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, in abin ya yi girma ga Shika a Zariya da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba mu raina masu ɗori ba, mun san hidimar da suka yi wa iyayenmu tun kafin a gina asibiti. Sai dai ɗorin da aka ɗaure tamau a kan ƙafar da ke ci gaba da kumbura yana toshe hanyar jini. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko suka daina ji, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, domin a irin haka ne ake rasa ƙafa.

Akwai kuma kumburin ƙafa ɗaya da ba a faɗi ba, ba a gurɗe ba. Wanda ya zo da ja da zafi da zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata, sau da yawa ta faso ko ɗan rauni tsakanin yatsu, kuma mai ciwon suga bai kamata ya kwana da shi a gida ba. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne gudan jini a jijiyar sha-raɓa. Yakan biyo bayan dogon zama, kamar na wanda ya hau mota daga Kaduna zuwa Legas, ko alhazanmu da ke zaune sama da awa huɗu a jirgi. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi tauri da zafi. Mutanenmu sukan ce jifa ne, ko kuma a kira mai tausa. Kada a taɓa, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu.

Yanzu mu koma kan ƙafa biyu, inda muke so a ƙara ba mu aron kunne. Ɗan kasuwar da ya yini a tsaye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ƙafarsa ta ɗan tasa da yamma ta kuma saɓe da safe, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Haka nan mai shan maganin hawan jini na amlodifin, maganin kansa yana kawo kumburi, sai ya gaya wa likita a sauya masa, kada ya daina da kansa. Amma a gwada wannan: a danna babban yatsa a kan ƙwauri na ɗan lokaci. In ya bar rami, kuma kumburin bai saɓe da safe ba, a lura da sauran jiki. Fuska na kumbura da asuba, fitsari na kumfa? A duba ƙoda. Ciki ya tasa, ido ya yi rawaya? Hanta. Ana haki a ɗan hawa kaɗan, ba a iya barci sai an tara matasai? Zuciya ce ke neman agaji.

A nan ne muke roƙon iyayenmu mata. Mai ciki ƙafarta kan kumbura, wannan sananne ne. Amma bayan mako 20, in kumburi ya kai fuska da hannu, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, a auna jininta a ranar. In ya kai 140 bisa 90, hanyar jijjiga ce, kuma asibiti ne wurinta.

Sai mai jego. Wannan ciwo ba daga nesa muka ji labarinsa ba. A 1978 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a kan mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza a daidai lokacin haihuwa. An ƙiyasta abin na samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A lokacin an ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta bai samu al'adar a matsayin tushen ciwon ba. Ya fi nuna rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin sileniyam. Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, gishiri kuwa ruwa yake riƙewa, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana tari da dare, tana haki in ta ɗauki jaririnta, ba ɗanyen jego ke damunta ba, kuma ƙarin ruwan zafi ba zai tashe ta ba. A dakatar da kanwa, a kai ta asibiti. Da yawa sukan warke in an fara magani da wuri. Mu maza kuma, kuɗin ragon suna bai fi kuɗin mota zuwa Barau Dikko muhimmanci ba.

Abu na ƙarshe shi ne kemis. Ya zama ruwan dare a Unguwar Shanu da Badarawa da Hayin Banki, kamar ko'ina, mutum ya sayi Lasix, ya yi ta fitsari, ƙafa ta saɓe, ya ce ya warke. Ruwan ya fita, ciwon na nan, ga gishirin jini ya rikice. Wani kuma ya haɗa da daiklofenak na makonni saboda ciwon gaɓoɓi, alhali shi kansa yana riƙe ruwa, yana ɗaga jini, yana kuma cutar da ƙoda. In zafi ne kawai, farasitamol ya fi aminci kafin a ga likita. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen miya da yaji da kilishi.

A bayan zauren nan 'yan kwamiti sun ajiye tebur da na'urar awon jini da ta suga. Muna roƙon a bar dattawa da masu ciki da masu jego su fara. Duk wanda ya san ƙafarsa na kumbura, ya cire safa ya nuna, mata kuma akwai 'yan uwansu mata da labule.